Shekarar da Na Hau Babur Marar Ƙara

Akwai labarin da ake bayarwa a gidan nan duk lokacin da aka taru, ko da salla ko da suna, kuma kullum a karkace ake ba da shi. Cewa ake yi Nasiru ya kusa kai kakarsa gidan yari. Kowa ya kwashe da dariya, shi ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, ni kuma na ja bakina na tsuke. Shekara uku ke nan ina tsuke shi. To tunda na zauna rubuta muku tarihina, na wuce babin aure na wuce na aiki, wannan ba zan tsallake shi ba. Ku karanta a natse, in kun gama ku je ku ba yaron nan haƙuri.

Sai na fara tuna muku ko ni wace ce kafin wannan shekarar, don ku gane girman wautar. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina buga takardu a kotun majistare, na fara da tafireta na gama da kwamfuta. Ba ni da lissafin iyayen da na gani tsaye a gaban alƙali, hula a hannu, saboda yaro ya ɗauki babur ya buge mai talla ko ya afka wa shagon wani. Ina bugawa ina tsaki a zuci, ina cewa wane irin uba ne zai miƙa wa yaro makulli. Abu ɗaya na fito da shi daga wannan aiki, shi ne takarda ba ta mantuwa. Alƙali zai yi ritaya, mai ƙara zai mutu, amma fayil yana nan a kan kanta yana jira. Ranar da yaron ya girma ya je neman aiki ko neman fita waje, sai wani ya kaɗe shi ya buɗe. Wannan na sani kamar yunwar cikina.

Sai kuma maganar Baban Nasiru. Ɗan farina ne, kuma kun san irin tarbiyyar da muka samu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama mu yi doguwar hira ba. Yana shigowa da safe ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon gefe, ya tashi ya tafi ofis. In ina da magana da shi sai in faɗa wa matarsa Maryam, in yana da tasa ita ce dai za ta kawo. Ku na yanzu kuna ganin wannan ƙauyanci ne, mu a wurinmu kunya ce, kuma ado ce. Amma ƙauna kamar ruwa take, in ka tare ta nan sai ta ɓulle can. Duk abin da ban nuna wa uban ba, a kan ɗansa ya sauka. Nasiru tun yana rarrafe nake kiransa Ango, shi kuma da bakinsa ya buɗe ya raɗa min Amarya. Ya ci tuwona ya suɗe hannu sannan ya ce da gudaji, sakina zai yi. Ni kuma in ce mijin da ko gemu babu, wa ma zai ji zafin sakinsa.

A shekarar da nake magana gwiwoyina suka fara yi min gardama. Daga gidanmu na Unguwar Dosa zuwa bakin titi ya zama tafiya, balle zuwa Rafin Guza wurin ƙanwata Asabe. Nasiru yana da shekara goma sha biyar, ya ga babur mai caji a hannun wasu 'yan ajinsu, ya kwanta ya tashi da shi a rai. Ya roƙi babansa, baban ya ce sai ya cika sha takwas. A bakin Maryam na ji. Da na kira ɗana na tambaye shi dalili, da ya faɗa min, da magana ta ƙare a nan. Ban kira shi ba. Mayafina na yafa na tafi shagon masu sayarwa, wani saurayi mai zaƙin baki ya zagaya da ni. Ba fetur, ba hayaƙi, ba ƙara, a soket ake jona shi kamar waya. Na tambaye shi batun lamba da lasisi, ya ce haba Hajiya, ai wannan da keke duk ɗaya. Ni da na san ba a bakin mai sayarwa ake jin doka ba, na karɓa hannu bibbiyu, domin abin da nake so in ji ke nan. Aka rubuta rasit da sunana.

Washegari Baban Nasiru ya shigo gaisuwa ya tarar da babur ɗin a falona, ja jawur, an jona shi kusa da firji. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce Allah ya sanya alheri, na ce amin, ya fita. Daga baya Maryam ta gaya min ya ce shi ba zai iya buɗe baki ya ce wa mahaifiyarsa ta mayar da abin da ta saya ba. Kun ji fa. Manya biyu, ni tsohuwar ma'aikaciyar kotu, shi babban ma'aikacin gwamnati, kowa ya san abin da ya dace, kowa ya yi shiru don kada ya ba ɗan'uwansa kunya. Ni kuma na kwantar wa kaina hankali da wata doka da na ƙirƙiro: makulli a jakata zai zauna, kuma Nasiru ba zai hau ba sai ina bayansa. A ganina tunda babba yana kai, an gama.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na yi nadamar watannin da suka biyo baya ba. Tun rasuwar maigidana Alhaji ban yi farin ciki irin na lokacin nan ba. Ranar farko da na ɗare baya na riƙe kafaɗunsa ina karanto duk addu'ar da na sani, ina jiran ƙarar inji, sai kawai na ga gidaje suna wucewa. Shiru, sai iska tana wasa da mayafina. Kafin mu kai Malali na daina addu'a na koma dariya. Muka riƙa zuwa kasuwa, zuwa dubiya, zuwa asibiti karɓo maganin gwiwa, har da yawon da ba shi da dalili bayan la'asar. Daɗin abin shi ne ana iya hira a kai ba sai an ɗaga murya ba. A bayan babur ɗin nan na ba Nasiru labarin kakansa, da yadda Unguwar Dosa take lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa, shi kuma ya faɗa min abubuwan da ko uwarsa bai faɗa wa ba. Matan Islamiyyarmu suka sa min suna Hajiya 'yar acaɓa, na ce hassada ce, kowacce ta je ta nemo nata angon. Hular kwano kuwa ko zancenta ba mu yi ba. Ina zan ɗora kwano a kan ɗaurin ɗankwalin da na ɓata rabin awa ina kafawa?

Ranar da abin ya faru Asabar ce, cikin damina, da hantsi. Ana suna a gidan Asabe, na soya funkaso na cika kula na rungume a cinya. Mun makara, kuma gaskiyar da ban taɓa faɗa ba ita ce so nake mu isa ƙawayen Asabe suna ƙofar gida, su ga saukowata. Da muka shiga lungunan Rafin Guza Nasiru ya rage gudu sosai, don kun san wurin, shago na jikin shago, yara da awaki da masu tura baro. Na dafa kafaɗarsa.

"Ango, wannan tafiyar hawainiya fa? Ƙara wuta mana."

Ya ce lungun ya matse, in bari mu fita fili.

"Au, a haka za ka riƙe mata? Ashe ma tsoro gare ka."

Yaro ɗan sha biyar, amaryarsa ta kira shi matsoraci. Ya murɗa.

Akwai abin da duk wanda ya zauna a irin waɗannan unguwanni ya sani, ni ma na sani, amma ban taɓa haɗa shi da namu babur ba. Mutane a lungu ba da ido suke tsallaka hanya ba, da kunne suke yi. Tun daga nesa ake jin babur, uwa ta janye ɗanta ba tare da ta ɗago ba, mai shago ya dakata a bakin ƙofa. Namu kuwa ko kaza ba ta jin zuwansa. Wani dattijon kafinta, Malam Tanimu, ya fito daga shagonsa da baya da baya, yana jan ƙyauren ƙofa da ya gama haɗawa. Nasiru ya kama birki, ƙasa da santsi, muka same shi. Ya faɗi a kan hannunsa na dama, ƙyauren ya bi shi. Ni na tsinci kaina zaune daɓas a cikin taɓo, funkaso ya watse ko'ina, awakin Rafin Guza suka ci suna ba gayyata. Ban ji ciwo ba. Da na ga yadda wuyan hannun mutumin nan ya lanƙwashe, na san karaya ce, kuma na san da wannan hannun yake ci da iyalinsa.

Maƙwabta suka sa shi a keke napep zuwa asibiti. Mu kuma 'yan sanda suka tafi da mu, da mu da babur. A ofishinsu aka zaunar da mu gaban wata sajan, mace, ba za ta wuce sa'ar autata ba. Na fara yi mata bayanin da mai shago ya yi min, cewa abin da keke duk ɗaya. Ta bar ni na gama, sannan ta ajiye biro.

"Mama, doka ba ta tambayar abin hawa me yake sha, fetur ko wuta. Wannan yana gudu da kansa, ya ɗauki mutum biyu, ya karya mutum. Yaron bai kai shekarun lasisi ba, ba lamba, ba hular kwano. Wanda ya ba shi makulli shi ma yana da amsar da zai bayar. In kuma mai raunin ya kai ƙara, maganinsa da asarar aikinsa a kan iyaye za su faɗo."

Kalma ɗaya babu wadda ban taɓa bugawa da yatsuna ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ta juya ga Nasiru ta ce ya faɗi yadda aka yi. Yaron nan, wandonsa duk taɓo, ya kalle ni sau ɗaya ya kau da kai.

"Ni na yaudare ta. Na ce mata ina da takardar izini, ita ba ta san ƙarya nake ba. Ta yi ta ce min in rage gudu, na ƙi ji."

Sajan ta fara rubutawa. Ni na san yadda waɗannan kalmomi suke komawa idan an buga su. Yaro ya yaudari babba, an gargaɗe shi ya ƙi, ya yi ganganci da gangan. Wannan ba tsautsayi ba ne kuma, hali ne, kuma shi zai bi sunansa duk inda fayil ɗin ya je. A nan ne zan faɗa muku abin da ya fi ba ni kunya a duk rayuwata: ban yi magana nan take ba. Na tuna tsofaffin abokan aikina, na tuna shekara talatin ba a taɓa ba ni ko takardar gargaɗi ba, na ji daɗin ƙofar da yaron ya buɗe min. Sai na ga biron yana tafiya a kan takarda, ya kai kan sunansa. Na miƙa hannu na dafe takardar. Na ce 'yata, dakata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yaron nan ƙarya yake yi don ya rufa min asiri.

Ta kalle ni, ta kalle shi, ta jawo sabuwar takarda. Ta tambayi sunana na faɗa, ta tambayi unguwa na faɗa. Sai ta ce sunan mahaifin yaron. Bakina ya ƙi buɗuwa. Ga ni a ofishin 'yan sanda, zanina sharkaf da taɓo, ɗankwalin da na ƙi sa wa kwano ya karkace, amma sunan nan ya ƙi fita. Ta jira, sai na ga dariya tana neman ƙwace mata.

"Ɗan fari ne, Mama?"

Na gyaɗa kai. Ta ce kakarta ma haka take, ta turo min takardar da biron, ta ce in rubuta da kaina. Ranar na fara rubuta sunan ɗana da hannuna, kuma na ga ashe suna ne mai kyau a takarda. Daga nan na zarce. Na rubuta ni na saya, sunana ne a rasit, makulli a jakata yake kwana, uban yaron ya hana tun farko ni na tsallake maganarsa. Na rubuta yaron ya rage gudu ni na ce ya ƙara, da irin kalmomin da na faɗa, ban rage ko ɗaya ba. Sajan ta karanta ta ce ba ta taɓa ganin bayani mai tsabta haka ba. Na ce sana'ata ce, yau dai ta juyo kaina.

Ina sa hannu Baban Nasiru ya shigo da waya a kunne, ya riga ya fara kiran waɗanda ya sani, kamar yadda ma'aikata suke yi. Sajan ta ce ya ajiye wayar, Mama ta gama magana, shi takardar alkawari kawai zai sa wa hannu cewa yaron ba zai sake hawa ba sai ya kai shekaru. Ta miƙa masa bayanina ya duba, ya ga rubutuna ne, ya mayar mata bai karanta ba. Kunya ce dai har a nan. Shi ya sa har yau bai san abin da ke ciki ba. Da muka fito bakin ƙofa ya tsaya a gefena, yana kallon ƙasa.

"Hajiya, da na yi magana tun ranar da na gan shi a falo."

"Da ni ma na tambaye ka."

Iyakar abin da muka ce ke nan, amma ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi. Tun daga ranar in ya shigo gaisuwa yakan ɗan zauna a hannun kujera, mu taɓa maganar ruwan sama ko tsadar kaya. Maryam ta ce mun kore ta daga aiki ba sallama.

Daga can asibiti muka nufa. Na tarar da Malam Tanimu an naɗe masa hannu, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu gardama na ba shi haƙuri. Ya ce in tashi don Allah, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ya ce shekara arba'in yana fitowa da baya daga shagon nan ko keke bai taɓa goge shi ba, domin kunnensa ne idonsa. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to nasa ranar bai ji komai ba, sai ƙamshin funkaso. Aka yi sulhu a gaban mai unguwa da 'yan sanda, na ɗauki nauyin magani da na gidansa har ya warke. Abu ɗaya ya ƙara nema, ya ce an karya masa hannun dama, a ba shi aron wani. Haka Nasiru ya riƙa zuwa Rafin Guza duk Asabar da lokacin hutu, a motar haya, yana riƙe katako yana buga ƙusa. Hannu ya warke bai daina zuwa ba. Kujerar da nake zaune a kai ina wannan rubutu shi ya haɗa ta, ƙafa ɗaya ta ɗan fi sauran gajarta, na hana kowa ya gyara.

Maganar ba ta kai kotu ba, alhamdu lillahi, amma kada ku ce an tashi a banza. Sunana yana cikin fayil a matsayin wadda aka ja wa kunne, na Nasiru kuma a matsayin yaron da babba ya ɗora a kan abin hawa. Labari ya kai kunnen tsofaffin abokan aikina, har da wanda ya bugo waya ya tambaya ko in zo ya buga min takardata. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne har yau in sanyi ya shigo wuyan hannun Malam Tanimu yana yi masa tsami, ba ya iya riƙe zarto da safe. Ba ya faɗa, Nasiru ne yake gani. Wannan ni na jawo, da bakina, don ƙawayen Asabe su ga saukowata.

Babur ya shekara uku a lulluɓe da tsohon zanin gado. Makullin kuma yana cikin wani ɗan akwati da Malam Tanimu ya ƙera, ya ce a ajiye a inda Amarya ba za ta kai hannu ba. Watan jiya Nasiru ya cika sha takwas. Babansa da kansa ya kai shi aka yi gwaji, aka yi lasisi, aka yi wa babur lamba aka sake masa batir. Ranar Asabar ya yi sallama a ƙofata da hular kwano biyu, ga kuma ƙararrawar keke irin ta dā ɗaure a hannun babur, kyautar Malam Tanimu. Na sa hijabi na kifa kwanona a kai ba gardama. Tun daga bakin lungun Rafin Guza yake kaɗa ƙararrawar. Malam Tanimu yana cikin fitowa da baya kamar kullum, ya tsaya cak, ya ɗaga mana hannun nan na dama bai ko waiwayo ba. Tafiya muke a hankali har wata akuya ta wuce mu.

"Amarya, in ƙara wuta?"

Na ɗaka wa Nasiru duka a baya, muka yi ta dariya har babur yana layi. Da dariyar ta lafa na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce shekara uku ana yi maka dariya a gidan nan, ana cewa kai ka kusa kai ni gidan yari, me ya hana ka faɗi gaskiya ko sau ɗaya?

"Wane ango ne yake tona asirin amaryarsa?"

To shi bai tona ba, ni na tona. Kai kuma da na rubuta sunanka sau ɗaya ka ƙi karantawa, wannan karon ka karanta har ƙarshe: ɗanka ya rage gudu, uwarka ce ta ce ya ƙara.